GYARAN GIDA DA KIMTSA KAYA

Jawabi ga masu gida na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo

Ina gaishe ku da ƙoƙari, ku da kuka zauna kuka koyi karatu da girmanku. Yau maganarmu a kan gida ce, watau yadda mutum zai rage tarkacen da ya cika masa gida, ya ba ko wane abu wurinsa, sa'an nan ya ƙawata mazauninsa daidai ƙarfinsa. Wataƙila wani zai ce, "Ai wannan zancen mata ne." To, ya yi haƙuri ya ji har ƙarshe. Mata su ke shara, gaskiya ne, amma mai gida shi ke sayen kaya, shi ke tara su, shi ke cewa a gina nan, a haƙa can. In gobara ta tashi, ko ciwo ya shigo, shi za a tambaya.

IDON BAƘO

Ku mutanen wannan yanki kuna zaune cikin garuruwa masu asali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu shi ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna cikinta, nan ya rasu cikin shekarar 1837, nan hubbarensa ya ke har yau. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya fi zama. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. A Goronyo kuwa ga babbar madatsar ruwa bisa gulbin Rima, wadda aka gama gininta cikin 1984. Garuruwa masu irin wannan suna ba su rabuwa da baƙi, masu ziyara da fatake da ma'aikata.

A zamanin Aliyu Babba, cikin 1853, wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarimu, ya sauka Wurno ya yi kamar wata guda. Da ya koma ƙasarsu ya rubuta labarin tafiyarsa. Cikin abin da ya ambata game da Wurno har da ƙazantar wani kwazazzabo da ya ratsa garin. Yau fiye da shekara 170 ke nan, ana nan ana karanta wannan magana. Mutanen garin kullum suna wucewa ta wurin, ido ya saba. Baƙo kuwa ran da ya zo ya gani.

Hakanan gidanka ya ke. Tsohon tulun da ya fashe bara, da karyayyen keken da ke jingine bayan zaure, ka daina ganinsu, gama ka saba da su. Saboda haka aikin farko shi ne ka ari idon baƙo. Fita ƙofar gida, ka juyo, ka shiga sannu kamar ba ka taɓa shiga ba. Dubi zaure, dubi tsakar gida, leƙa ƙarƙashin gado da bayan ɗaki. Tun da yanzu ka iya rubutu, riƙe takarda da fensir, ka rubuta duk abin da ka gani wanda za ka ji kunya surukinka ya gani.

ABIN DA TARKACE KE JAWOWA

Kakanninmu kayansu kaɗan ne, kuma yawancinsu na kaba ne da ƙwarya da yumɓu, in sun lalace su koma ƙasa. Mu kuwa muna da leda da roba da gwangwani, waɗanda ba su ruɓewa. Ga shi kuma noman rani ya bunƙasa cikin fadamun Rima, ana shinkafa da albasa da tafarnuwa. Wannan alheri ne, amma ya shigo da injin ban ruwa da tiyo da jarkar fetur da buhunan taki da maganin feshi cikin gida. In ba a ba su wuri ba, su za su nemo wa kansu, sau da yawa kuwa ɗakin kwana su ke samu. Ga ɓarna huɗu da ke biyo baya.

Ta fari, gobara. Lokacin hunturu kome ya bushe, iska na kaɗawa, mutane na jin wuta cikin ɗaki. Jarkar fetur kusa da murhu, ko harawa jingine da dangar madafa, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Wuta kuwa ba ta san iyakar gidanka da na maƙwabcinka ba.

Ta biyu, ciwo. Cikin 1897 wani likita Ingilishi mai suna Ross ya gano, can ƙasar Indiya, cewa sauro shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi. Sauro cikin ruwan da ya kwanta ya ke yin ƙwai, kuma lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama sauro mai cizo. Kududdufin bakin rariya, da kasko, da gwangwani, da tsohuwar taya, duk gidajensa ne. Wani iri ya kawo zazzaɓi, wani ya kawo shawara. Ɓera kuma cikin tarin kaya ya ke haihuwa. Akwai irin ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, kuma ta fitsarinsa da kashinsa cikin abinci cutar ke kama mutum. Sanƙarau kuwa ya fi yaɗuwa da rani, inda mutane da yawa ke kwana ɗaki guda ba iska. Cikin annobar 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, yawancinsu nan Arewa. Allurar rigakafi ita ce babban makami, amma ɗakin da kaya suka cinye rabinsa, suka toshe tagarsa, taimakon cutar ya ke yi.

Ta uku, hasara. Gara tana bin ƙasa ta hau duk abin da aka ajiye aka manta. Mutum ya kan sayi sabuwar lauje alhali yana da biyu ƙarƙashin tarkace. Wani kuma ran da za a sa ɗansa makaranta ya nemi takardar haihuwa ya rasa.

Ta huɗu, ruwa. Manyanku sun tuna watan Satumba na 2010, sa'ad da gulbin Rima ya yi ambaliya, ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta, har gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta karye. Babban ruwa irin wannan ya fi ƙarfin tsintsiya. Amma wanda ya san inda takardunsa su ke, hatsinsa kuma yana bisa tudu, ya fi saurin tsira da abinsa. Ko damina ta kullum, rariyar da leda ta toshe ita ke mai da ruwa gindin katanga, har ginin ya jiƙe ya faɗi kan masu barci.

YADDA ZA KA RAGE KAYA

Kada ka ce za ka gama gida duka rana ɗaya, gajiya za ka yi ka bari. Ɗauki ɗaki guda, ka fara da naka, don iyali su ga misali. Zaɓi rana mai haske, ka shimfiɗa tabarma tsakar gida, ka fito da kome waje. Ɗaga kaya da hankali, da sanda tukuna kāna hannu, saboda kunama da maciji. Share ɗakin tun daga rufi, ka toshe ramukan ɓera da tsagar bango. Sa'an nan ka kasa kayan kashi huɗu.

Kashi na 1, abin da ka ke aiki da shi. Shi kaɗai zai koma ɗaki.

Kashi na 2, abin da ya lalace amma yana gyaruwa. Kai shi wurin maƙeri ko baduku ko tela ranar kasuwa mai zuwa. In kasuwa biyu ta ci ba ka kai ba, ka san ba ka bukatarsa.

Kashi na 3, abin da ke da kyau amma ba ka amfani da shi. Ga ma'auni: in damina da kaka da ɗari da bazara sun wuce ba ka taɓa abu ba, to, ya zama na sayarwa ko na bayarwa. Tsofaffin ƙarafa 'yan gwangwan suna saye da awo. Rigar da ta yi maka kaɗan, akwai wanda ke kwana da ɗari domin rashinta.

Kashi na 4, shara. Abin da ke ruɓewa, irin su toka da ganye da kashin dabbobi, a tara shi nesa da ɗakuna a kai gona, taki ne. Kwalba da gwangwani a binne su ko a kai juji. Robar maganin feshi kuwa a huda ta, kada wani ya ɗauka ya zuba mai ko ruwan sha, gama wanki ba ya fid da dafinta sarai.

ABU UKU DA BA KA DA IKON ZUBARWA

Na ɗaya, kayan matarka. Jeren da iyayenta suka yi mata, da kwalla da tasoshi da gado da katifa, dukiyarta ce, ita ce kuma ajiyarta ta ranar wuya. In ka ga ɗakinta ya cika, yi mata magana mai daɗi, ka kira kafinta ya yi mata kanta ko kabad, kayan su tashi daga ƙasa. In mata biyu gare ka, abin da ka yi wa uwargida ka yi wa amarya. Gyaran da ya jawo yaji bai gyara kome ba.

Na biyu, kayan mamaci. Adakar mahaifinku da ke ɗakinka ba taka ba ce kai kaɗai, ta magada ce duka, maza da mata. Kada ka sayar, kada ka kyautar. Ku kira malami a raba, kowa ya ɗauki rabonsa. Wuri ya samu, haƙƙi kuma ya sauka daga wuyanka.

Na uku, takardu. Ƙasar nan ta malamai ce, gidaje da yawa suna da gafaka mai tsofaffin takardun Larabci da na ajami. Kada a ƙone su, kada a bar su ƙasa. A naɗe su cikin tsumma mai tsabta, a rataye inda ba yoyo. In sun fi ƙarfin kulawarku, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, inda a ke adana irinsu. Takardun zamani kuma, watau na gona da na gida da na haihuwa da katin ɗan ƙasa da katin asibiti, ka haɗa su cikin leda mai kauri, ka sa cikin gwangwani mai murfi, ka rubuta bisansa abin da ke ciki. Uwargida ta san wurin. Kuɗi masu yawa kuwa kada su kwana ƙarƙashin katifa. Ban da ɓarawo da gara da gobara, ga canji. Cikin 1984 an sāke launin takardun kuɗi, aka ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su musanya, wanda ya makara ajiyarsa ta zama takardar banza.

KO WANE ABU DA WURINSA

Zaure fuskar gida ne, nan ka ke karɓar baƙi, nan ka ke karatu. Abin da ya ke bukata tabarma ce da buzu da buta, da ɗan alkuki ko kanta inda za ka ajiye littattafanka. Buhunan taki da injin ban ruwa a yi musu 'yar rumfa ko ɗan ɗaki mai kulle daga gefe. Nan kuma fetur da maganin feshi za su zauna, nesa da murhu, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ɗakin kwana na mutane ne. Tufafi su shiga akwati, akwati ya hau bisa duwatsu ko bulo, a janye shi kamar taƙi ɗaya daga bango, don tsintsiya ta shiga, gara kuma ta rasa hanya. Abin da ke ratayuwa a rataye shi, ragaya da ƙusa ba su da tsada. A buɗe taga kullum da safe, a shanya shimfiɗa rana sau ɗaya cikin mako saboda kuɗin cizo. A kafa gidan sauro yadda zai rufe gado duka. Kada a kwana da gawayi yana ci cikin rufaffen ɗaki, kada kuma a ta da janareta cikin ɗaki ko gab da taga. Suna fid da wata iska marar launi marar wari, mutum yana barci ta ɗauke shi.

Hatsi wurinsa rumbu. A share shi sarai kafin a zuba sabo, a gyara murfinsa, a kau da ciyawa da tarkace daga gindinsa. Ƙwayar maganin nan da a kan jefa cikin buhun wake tana fid da iska mai kisa, saboda haka buhun da aka sa mata ba ya kwana ɗaki guda da mutane. Akwai buhu mai ninki uku, leda biyu ciki da buhu waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago, aka fara baza shi ƙasashenmu daga 2007. In aka ɗaure shi tam, ƙwari su rasa iska su mutu, ba a sa ko wane magani ba. Albasa kuwa iska ta ke so. A yi mata rudu cikin inuwa, a riƙa tsince ruɓaɓɓu, gama guda ɗaya ta kan ɓata saura.

Madafa a yi ta inda hayaƙi zai fita, itace daga gefe guda. Randa ta hau bisa gammo ko duwatsu cikin inuwa, da murfinta, da moɗarta guda mai mariƙi a rataye. A wanke ta ko wane mako. Turken dabbobi da akurki su koma kusurwar gida, a kwashe kashin kullum. Salga ta sami murfi domin ƙuda, a ajiye buta da sabulu ko toka bakin ƙofa. Tsakaninta da rijiya kada ya gaza mita 30, watau kamar taki 40 na babban mutum, kuma ta kasance daga gangare, rijiya daga tudu. In ta yi kusa, ƙazanta na bin ƙasa ta shiga ruwan sha, daga nan sai amai da gudawa.

ƘAWA DAIDAI ƘARFI

In gida ya sami sarari, ado kaɗan ya ishe shi. Mai ƙarfi ya yi siminti da fenti. Wanda ba shi da shi, ga daɓe, aikin da iyayenmu mata suka gwanance da shi, a yayyafa makuba ta ɓawon ɗorawa, ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Yaɓe a sabunta shi kafin ruwan fari, a duba indararo da azara. Farar ƙasa cikin ɗaki tana ƙara haske, kuma kunama ba ta ɓoyuwa jikin farin bango. In za ka yi zane bakin zaure, ka shirya da magini tun yaɓe yana ɗanye, ka san an ce tun ran gini ran zane.

Dasa itace. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato kun fi kowa saninsa. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ya ke, yana jure fari, yana ba da inuwa ƙofar gida, busasshen ganyensa kuma cikin akwati yana korar ƙwari daga tufafi. A dasa shi nesa da katanga saboda saiwa. Zogale da lalle su tsaya inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, su shanye shi, a sami ganyen miya da na ƙunshi. Asabari sabo bakin ƙofa, da tabarma mai launi, da yashi mai tsabta tsakar gida, kuɗinsu bai kai na rago ba.

Akwai kuma wani dalili da ya sa sarari ke da daraja a zamanin nan. Cikin 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni ta ƙasar Rabah, mutane suka gudo Gandi, kuma tun daga nan gidaje da yawa na wannan yanki sun karɓi 'yan'uwa da suka baro ƙauyukansu. Ɗakin da karyayyun kaya suka cika, da an kwashe su, da gyauron wani gida ya sami wurin kwana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma baƙon da ya zo da goyo yana bukatar duka biyu.

KADA GYARA YA KOMA BAYA

Gyaran rana ɗaya ba ya tsayawa sai da al'ada. Shara safe da maraice. Ran Alhamis a duba rariya da randa da shimfiɗa, don Juma'a ta iske gida tsaf. Babban gyara kuwa sau biyu cikin shekara, da kaka kafin a shigo da amfanin gona, da kuma ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka. Raba aiki, ko wane yaro da nasa, maza da mata. Wanda ya ɗauki abu ya mai da shi inda ya ɗauko. Kai kuma in ka je kasuwa ka ga abin sha'awa, tambayi kanka tukuna, "Ina zan ajiye shi?"

Kada ka tsaya bakin zaurenka. In ka share gida ka zuba sharar cikin kwata, damina za ta komo maka da ita. Ku yi shawara da maƙwabta da mai unguwa, ku sa rana ku yi gayya, ku yashe kwata, ku cike kududdufi. Tsintsiya sai a ɗaure ta ke shara.

To, jama'a, abin da na roƙe ku ɗaya ne. Gobe da safe kowa ya ɗauki takarda da fensir, ya tsaya ƙofar gidansa, ya shiga da idon baƙo. In aji ya sāke haɗuwa, kowa ya karanta wa 'yan'uwansa abin da ya rubuta, da abin da ya gyara. Allah ya kiyashe mu da gobara da annoba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wassalam.